Gashin Bakin Sarkin Fijo

A Ƙofar Kwaya, cikin birnin Katsina, an yi wani mutum ana ce masa Malam Dabo Sarkin Fijo. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa, alhali har zuwa shekarar da soja suka koma bariki ko tayar mota bai taɓa mallaka ba. Keke gare shi, wani baƙi mai kuka kamar tsohon ƙyaure. Abin da dai ya yi shi ne tuƙin motar gwamnati a wata ma'aikata har ya ajiye aiki, kuma duk motar da aka taɓa miƙa masa makullinta Fijo ce, mai zakin nan a goshi. Shi ke nan sai ya mai da ita 'yar uwarsa ta jini. In ka zage shi zai iya haƙura, amma ka ce wata mota ta fi Fijo, to ranar ba za ka ci tuwonka da zafi ba.

Bayan Fijo, abin da ya fi ƙauna a duniya gashin bakinsa ne. Wani Manjo da ya taɓa tuƙawa ya kwaikwaya, ya bar shi ya miƙe hagu da dama kamar kan keke. Kowace safiya sai ya shafa masa man kaɗe, ya murza, ya dubi madubi, ya sake murzawa. Matarsa Hajo ta sha faɗa cewa da rufin ɗakinsu na samun rabin wannan kulawa, da ba su riƙa tarar ruwa da kwanoni ba.

Majalisarsu gindin wata bishiyar bedi take, inda Sammani wanzami ke shimfiɗa tabarmarsa. Nan Dabo ke zuba kullum bayan la'asar, har ran da Alhaji Salihu mai shagon yadi ya iso da wata 'yar Japan ja da ya sayo daga Kwatano. Jama'a suka miƙe ana Allah sa alheri, ana shafa fenti. Dabo ko motsi bai yi ba.

"Alhaji, wanga gwangwanin madarar fa, a kilo aka auna maka shi?" in ji shi. "Wallahi akuya ta jingina da ita sai ta lotsa."

"Ta kai ni Kano ta maido ni, ko bayana bai sani ba," in ji Alhaji Salihu. "Kai kau taka tana ina, Sarki?"

"Tawa tana tahe."

"Tun ina saurayi take tahe. Halan a ƙasa take tahowa?"

Aka bushe da dariya. Abin ya yi wa Dabo ciwo ƙwarai, ya miƙe tsaye, ya kama ƙarshen gashin bakinsa da yatsu biyu.

"To ku shaida, jama'a. Duk ranar da ƙarfen Japan ya ɗaga ni daga nan zuwa can, ko taku ɗaya ne, Sammani shi zaunar da ni gaban kowa shi aske mani gashin bakin ga."

Sammani ya ɗaga kai daga ƙeyar da yake aski ya ce, "Na ji, na kuma riƙe."

Ba a daɗe ba sai ga dama ta faɗo. Farar hula na shirin karɓar mulki, ma'aikatu suka shiga share harabarsu, aka yi shelar gwanjon tsofaffin motoci. Dabo ya tattara ɗan abin sallamarsa na aiki, ya haɗa da keken, ya ja mutanen majalisa su je su ga yadda manya ke sayen mota. Can ƙarshen fili ya hango ta: fara, ta yi ƙura, tayoyi sun kwanta, amma zakin na nan tsaye a goshi. Idonsa har ya kawo ruwa.

Mai gwanjon ya ce, "Malam, a buɗe maka bonet ka duba?"

Dabo ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, shekararka nawa? Fijo ake buɗe ma baki a kasuwa kamar tsohon jaki? Wanda ya san mota zaki yake kallo. Buga ƙararrawarka."

"Malam, da dai ka leƙa..."

"Na ce buga!"

Aka buga. Ya sa aka ba tayoyi iska, ya shiga ya murza makulli, shiru. Ya ce batir ne, mota in ta daɗe a zaune dole ta yi fushi. Aka kira 'yan dako su tura ta gida. Suna taɓa ta sai ta tafi sululu, har suna binta da gudu.

"Kai, Malam, motar ga ba ta da nauyi!" in ji ɗayansu.

"Haka Fijo take, kamar auduga," in ji Dabo daga bayan sitiyari.

Alhaji Salihu da ke biye a hankali cikin tasa ya leƙo. "Ba kai ke ce mamu nauyinta ne ke riƙe ta bisa hanya ba?"

"In tana gudu ke nan. Kai mi ka sani?"

Kusa da gidan Dabo akwai wani kango mai ƙyauren kwano, nan aka tura ta. Da jama'a suka watse, ya rufe ƙyaure, ya kira Hajo ta zo ta ga abin da Turawa suka ƙera. Ya yi bisimilla ya ɗaga bonet, ya leƙa. Abin da ya gani takalmansa ne a ƙasa. Babu inji, babu dalilinsa, sai lagireto a tsaye shi kaɗai da wasu wayoyi suna lilo.

Hajo ta leƙa, ta dube shi, ta sake leƙawa. "Malam, ina ake ɗora tukunyar?"

"Hajo, rufa mani baki."

"A'a, tambaya na yi. Da ka bar mani wurin ga in riƙa aje kaji, ga iska ga inuwa."

Dabo ya zauna a bakin kango ya haɗa gumi. Ba kuɗin da suka tafi ne ya dame shi ba kamar fuskar Alhaji Salihu da yake hangowa. Washegari ya zagaya ta lungu ya sami Bulus bakanike, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe da gareji a bayan ganuwa. Bayan doguwar gaisuwa, har da tambayar matarsa Hannatu da yara, ya rage murya ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Bulus ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya faɗi kuɗin injin Fijo. Dabo ya ji kamar an doke shi da taɓarya.

"Amma akwai wani a nan," in ji Bulus, ya yaye wani buhu. "Daga wata da ta faɗi hanyar Jibiya na cire shi. Lafiyarsa ƙalau, kuma zan iya zaunar da shi. Sai dai fa na Japan ne."

"A'uzubillahi!" Dabo ya ja da baya kamar ya taka maciji. Ya tafi har bakin titi, ya tsaya, ya murza gashin baki, ya dawo. "Rubutun ga da ke jikinshi, fenti na iya rufe shi?"

"Yana iyawa."

"Bakinka fa?"

"Ni ba na kai magana. Amma ka ji da kyau, Malam Dabo. Lagireton nan tsoho ne, yana ɗiga. Kafin ka fita ka cika shi da ruwa, in tafiya ta yi tsawo ka tsaya ka ƙara."

"Ni za ka koya ma mota? Ina tuƙi kana goye."

Ranar Juma'a, lokacin da duk mazan unguwa suka tafi masallaci, Bulus ya zo ya ja ta zuwa gareji. Dabo na sahun gaba, yana amin da ƙarfi fiye da kowa.

Ran da ta dawo da ƙafarta, sai da ya zagaya unguwa yana danna ham har awaki suka tsinke igiya, sannan ya faka gindin bedi ya bar ta tana aiki. Abin da ya fara ɗaukar idon mutane shi ne wata murtukekiyar sarƙa da aka zagaye bonet da ita, da kwaɗo irin na rumbun hatsi.

"Ku kasa kunne," in ji Dabo, ya taka totur. "Kun ji gurnani? Zaki ke nan. Ba irin kukan sauron wasu ba."

Alhaji Salihu ya karkata kai. "Ikon Allah. Ni kau kamar na san muryar ga."

"A mafarki ka san ta. Tada taka mu ji."

Alhaji ya tayar da tasa. Motoci biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kuka iri ɗaya sak. Wani dattijo ya rufe ido ya saurara, ya ce shi dai bai ji bambanci ba.

"Baba, kunnenka ya yi ritaya," in ji Dabo. "Waccan tari take, wannan magana take."

"To sarƙar fa ta mece ce?" in ji Alhaji Salihu.

"Ɓarayi. Injin Fijo ne, ko a Faransa nema ake. Taka kau ko a buɗe ka bar ta, ɓarawo sai dai shi aje maka sadaka."

"Buɗe mu gani mana, mu ma mu ƙaru."

"Ido na ɓata inji."

Sammani ya jawo zabirarsa. Ya ɗauko aska ya shiga wasa ta a fata, fes, fes, yana kallon sarƙar. Daga ranar, duk lokacin da Dabo ya wuce sai ya ji wannan ƙarar. Kafin ya fita kuwa, sai ya kulle kansa a kango, ya toshe ramukan ƙyaure da tsumma, Hajo ta miƙo masa buta ta kan katanga, ya shayar da zaki a ɓoye.

Mutum mai hankali da nan ya tsaya, ya riƙa kai matarsa unguwa yana gode wa Allah. Dabo ba ya cikinsu. Da aka sa ranar rantsar da Abbas, ɗan unguwar da ya ci zaɓen kansila, aka ce za a yi jerin gwanon motoci a zagaya gari kafin a kai shi sakatariya. Alhaji Salihu ya ba da tasa, tunda tana da na'urar sanyi. Dabo ya yi tsalle ya dire.

"Kansila guda cikin gwangwani? Tun da aka kafa ƙasar ga, wane babban mutum kuka gani an kai shi rantsuwa ba cikin Fijo ba? So kuke a ce Ƙofar Kwaya ba mu san mulki ba?"

Abbas yaro ne, yana son a ce ya san mulki. Ya ce a Fijo zai shiga, kuma ita za ta ja gaba.

Ranar da safe Dabo ya tsaya gaban madubi ya ɓata lokaci a kan gashin baki, ya ce ruwan lagireto sai a ƙarshe zai zuba don ya daɗe. Yana ɗaukar buta sai ga makaɗa da maroƙa da 'yan jam'iyya sun cika ƙofar gida. Kafin ya ankara sun wangale ƙyauren kango, suna liƙa hotuna, suna ɗaura kyallaye, wani har ya zauna a kan bonet yana buga kalangu.

Hajo ta leƙo daga zaure. "Malam, butarka fa?"

"Wace buta? Ina da alwala."

"Ba kai ba, mai ƙishin."

"Koma ciki, Hajo!"

Aka ɗauki hanya. Lokacin bazara ne, rana ta buɗe tun hantsi, ga tafiya irin ta jerin gwano, ana taku ɗaya ana tsayawa maroƙi ya yi kirari. Kansila na baya cikin babbar riga mai sitaci yana ɗaga hannu. 'Yan kabu-kabu na kewaye su da babura. Dabo ya fito da gwiwar hannu ta taga yana jin ana cewa, "Sai Sarkin Fijo!" Da ya saci kallon allurar zafi sai ya ga ta bar tsakiya. Ya kau da kai. Ya sake dubawa, ta ƙara hawa. Sai ya ɓare hoton kansila guda ya liƙe a kanta, hankalinsa ya ɗan kwanta.

"Malam Dabo, kamar ina jin ƙauri," in ji kansila.

"Ranka shi daɗe, masu tsire ne."

"Ƙafafuna kuma zafi suke."

"Zafin mulki ne, ranka shi daɗe. Haka Manjo ya riƙa ji."

Suna isowa Ƙofar Marusa, inda jama'a suka fi cika, sai motar ta yi wani tari, ta yi shaƙuwa, ta tsaya cik. Farin tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, yana fita ta kowace kafa yana huci.

"Gobara! Gobara!"

Kansila bai tsaya neman marfin ƙofa ba, ta taga ya fito, babbar riga ta maƙale ta yage har ƙugu. Ya haye bayan wani ɗan kabu-kabu, hula a hannu, ya ce a kai shi sakatariya ko ta ina ne. Masu kiɗa suka watsar da ganguna. Wata mai ƙosai ta sheƙa ruwan wanke-wankenta a gilashi, wasu suka shiga watsa ƙasa, rabinta a fuskar Dabo.

"A buɗe bonet! Ina makullin kwaɗon?"

Dabo ya fito da gudu ya kwanta rub da ciki a kan bonet ya rungume shi. Ƙarfen ya ɗauki zafi kamar tanda, amma ya cije.

"Kar wanda ya taɓa! Gumi take! Haka Fijo ke gumi!"

"Malam, za ka ƙone!"

"In ƙone! Tawa ce!"

Ƙarti huɗu suka ɗauke shi caɗak yana harbin iska. Wani maƙeri ya kawo guduma ya ba kwaɗon ɗaya, biyu, sarƙa ta zube. Aka ɗaga bonet da sanda, kowa ya ja baya. Babu wuta, tururi ne kawai. Da ya lafa sai aka matso ana leƙe, don rabin masu kallon direbobi ne da 'yan tasha. Fentin da aka shafa ya kumbura ya zazzago, rubutun ya fito ɓaro-ɓaro.

Alhaji Salihu ya matso a hankali, hannu a baya, ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi sallama ga injin.

"Ashe kai ne nan ciki, ɗan uwa? Ina gajiya? Yaya mutanen Japan?"

Dariyar da aka yi, sai da tantabaru suka tashi daga kan ganuwa. Dabo ya yi wuri-wuri da ido, ya hango Bulus cikin taro ya nuna shi.

"Shi ne! Ya cuce ni! Ya sace mani zaki ya sa mani wanga!"

"Haba, Malam Dabo," in ji Bulus. "Na yi shiru fa. Wa ya zaɓi kalar fentin?"

Sai aka ji fes, fes. Sammani ne, ya riga ya shimfiɗa tabarma a inuwar ƙofa, ya jiƙa sabulu. Wai shi ma rakiyar kansila ya zo, amma da zabirarsa a rataye.

Nan Dabo ya tuna da shari'a. Ya ce ai ba a yi masa adalci ba: kujerar da ya zauna ta Fijo ce, sitiyari na Fijo, tayoyi, ƙofofi, zaki, duk na Fijo. Inji kawai ne baƙo, kuma shi bai taɓa zama a kan inji ba. Aka yi ta cacar baki, wasu na cewa a aske, wasu na cewa maganarsa da ƙamshin gaskiya. Alhaji Salihu ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kar mu zalunce shi. Rabin motar Fijo ce, rabi Japan. A aske rabi."

Ba a taɓa yanke hukuncin da ya sami karɓuwa irin wannan ba a Ƙofar Marusa. Aka zaunar da Sarkin Fijo, Sammani ya tambaye shi hagu ko dama, shi kuwa hawaye na bin ƙurar fuskarsa. Aska ta wuce sau ɗaya, ɓangaren hagu ya faɗo a tabarma, da man kaɗensa da komai. Wani maroƙi ya ɗauka ya ce zai ajiye don tarihi.

Taro ya bi kansila, aka bar Dabo da mota a tsakiyar titi, rana na dukansa, hannu ɗaya a kan leɓe. Injin ya ƙi ko tari. 'Yan dako suka ce su yau hutun dimokuraɗiyya suke. Can sai ga 'yar Japan ja ta dawo da baya a hankali, Alhaji Salihu ya fito da igiya.

"Malam Dabo, wasa wasa ne, zumunci daban. Shiga ka riƙe sitiyari in kai ka gida."

Dabo ya ji sanyi a ransa, har ya ce Allah shi saka da alheri. Ya shiga, aka ɗaura, aka ja. Suna tafe iska na shigowa, sai ƙarfinsa ya fara dawowa. Kafin su kai rabin hanya ya fito da gwiwar hannu ta taga, yana murza rabin da ya rage, yana gaya wa masu kallo cewa ga shi nan, ko a mace Fijo sai an yi mata rakiya.

Suka tsaya a ƙofar kango. Hajo na bakin zaure da butar nan a hannu. Ta dubi fuskarsa, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Sai ƙofar baya ta motar Alhaji ta buɗe, Sammani ya fito da tabarma a hammata. Mutanen majalisa kuwa tuni sun jeru a gindin katanga.

"Mi kuma ya rage?" in ji Dabo.

"Malam, daga Ƙofar Marusa zuwa nan, wa ya kawo ka?" in ji Sammani.

Dabo ya dubi igiyar, ya bi ta da ido har zuwa inda aka ɗaura ta. A jikin 'yar Japan ta ƙare.

"Wannan karon kau babu rabi," in ji Alhaji Salihu.

Sammani ya shimfiɗa tabarma, ya laluba zabira, ya ce ruwansa ya ƙare a can. Hajo ta matso ta miƙa masa butar.

"Ga shi, tun safe nake riƙonshi," ta ce. "Dama na Malam ne."